Igiyar Awon Tela

Ran Talata, bayan la'asar, a gindin bedin Gidan Jabbi,
Malama Luba ta sauko daga babur
da jaka guda da igiyar awon tela.
Muka yi dariya har Nomau dillali ya sarƙe da goro:
"Malama, taguwa za a ɗunka ma bajimi?"

Ba ta tanka ba. Ta ce a riƙe mata bokolona.
Ta zagaya igiyar a ƙirjinsa, daf da ƙafafun gaba,
ta dubi lamba, ta dubi takarda,
ta faɗi nauyinsa kamar mai kiran sunan ɗanta.
Ni Arzika, mai shekara talatin ina awo da ido,
kunya ta bi mini wuya kamar ƙaiƙayi.

Ta ce, "Nawa ya ci tun da ka ɗaure shi?"
Na ce, "Wa ke ƙidaya wa baƙo loma?"
Ta ce, "Baƙon da za ka kai kasuwa
ƙidaya masa ake yi, Baba."

Sai ta ɗaga masa leɓe, ta nuna mana dasashi fari fat.
"Kana ciyar da biyu: da sa, da tsutsar cikinsa.
Ruwan fadama da yake sha, can hanta ke ɗaukar cuta.
Fara korar ɓarawo kafin ka cika rumbu."
Ta yi maganar allura kafin damina,
da kaskar da ke ɓuya a gindin wutsiya,
da tattakar shinkafar da muke cinna wa wuta
alhali abincin rani ce, in an san sarrafa ta.
Harawa a inuwa, ta ce, ba bisa rufin da rana ke cinye korenta ba.
Dusa da gurya da awo, ba da zuciya ba.

Wannan duk na haɗiye.
Abin da ya tsaya mini shi ne littafi.
'Yata Tumba ta riƙe alƙalami wata uku,
kowane buhu, kowace allura, har kuɗin kanwa.
Daren da ta haɗa lissafi a hasken tocila
ta ɗago kai a hankali:
"Baba, Sarkin Garke ya cinye kansa tun bara."
Shi ne san da nake tsayar da baƙi su kalla.
Shekara biyu ina kiwon yabo,
yabo kuwa ba ya sayen gero.

Laraba muka kama hanyar Achida da asuba.
Kafin mu isa na buga waya Illela, na buga Kara,
na ji abin da fatake ke biya a bakinsu.
A da sai buƙata ta shaƙe ni nake sayarwa,
ranar da kowa ya kawo nasa, farashi na kwance.
Yau na zo da ƙafata, ba bashi ya koro ni ba.

Nomau ya kama hannuna, ya rage murya,
ya faɗi kuɗin da ya saba faɗi.
Na zaro igiya daga aljihu.
Ya dube ta, ya dube ni, ya tofar da goro.
"Albarka," na ce, sau uku,
kowace da lambarta a bayanta.

Ban dawo da dukiya ba, kada a ƙara mini gishiri.
Sarkin Garke ya tafi da asara,
bokolo ya rufe ramin, ya bar ɗan canji,
na sayo maruƙa biyu ramammu masu faɗin ƙashi.
Amma karo na farko na san inda kuɗina suka kwana.

Turken babban sa yana nan, babu kowa.
Wani lokaci da dare nakan tsaya kansa.

Jiya da magariba aka yi sallama a zaure.
Nomau ne, yana sosa ƙeya:
"Arzika, igiyar nan taka,
ko za ka ara mini zuwa jibi?"